Me Ya Haɗa Wuya da Diddige?

 

Na san da aka raba takardar gayyata akwai waɗanda suka karanta taken laccar nan suka ce, to, me ya haɗa kifi da kaska? Wuya yana can sama, diddige yana ƙasa yana shan ƙura. Ba ni na haɗa su ba, waya ce ta haɗa su. Duk mai leƙa TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: mutum kwance a siririn gado, wani ya tallabo kansa da hannu biyu yana ɗan jujjuya shi a hankali, can sai ya fizge shi gefe guda, ka ji ƙas! Har makirfo ake kafawa dab da wuyan don ƙarar ta fito raɗau. Cikin masu wannan sana'a akwai masu cewa in aka daidaita ƙashin farko na wuya, har ciwon diddige zai tafi. Yanzu marasa lafiya sun fara zuwa mana da wannan tambaya, wasu ma sai bayan sun riga sun miƙa wuyansu. Ita zan amsa yau, amma ta ƙasa za mu faro.

Ciwon da nake nufi ba ya ɓuya. Mutum ya kwana lafiya lau. An kira assalatu, ya zuro ƙafa daga gado zai je alwala, yana taka ƙasa sai ya ji wani abu ya soke shi a diddige. Ya dafa bango, ya ɗingisa har inda buta take. Kafin ya kai masallaci abin ya lafa, har ya manta da shi. Ya zauna a shago ko ofis na ɗan lokaci, yana miƙewa ga shi ya dawo. Da yamma kuwa, bayan yinin tsayuwa, sai ya koma zugi mai nauyi. In ka kama ƙafar ka danna da babban yatsanka a ƙasan diddigen, ɗan gaba kaɗan ta ɓangaren ciki, sai mai ƙafar ya zabura. A katin asibiti likita zai rubuta falanta fashiyaitis, mu kuma a nan za mu ci gaba da kiransa ciwon diddige.

Ƙafa ɗaya ƙashi 26 gare ta, kuma ba a shimfiɗe suke ba, a lanƙwashe suke kamar baka. Tsirkiyar wannan baka wani tantani ne fari, mai kauri da tauri, wanda ya taso daga ƙashin diddige ya bi tafin ƙafa ya rarrabu zuwa gindin yatsu biyar. Duk takun da ka yi, nauyinka yana so ya baje bakan, tsirkiyar ce ke hanawa. Don Allah wanda ke da hali ya zare takalminsa, ba abin kunya ba ne. Ka ɗora ƙafar a kan gwiwa, ka kama babban yatsa ka ja shi sama wajen ƙwauri, sannan ka shafa tafin da ɗaya hannun. Kun ji wani abu ya miƙe ya yi tauri? Shi ne. Wani masanin surar jiki a Ingila, J. H. Hicks, shi ya bayyana wannan aiki a 1954: duk sanda ka ɗaga diddige za ka tura jiki gaba, yatsu suna lanƙwashewa, tantanin ya ɗaure, ƙafa ta zama abu guda mai ƙarfi. Haka yake yi sau dubbai a yini, kuma inda ya fi shan ja shi ne daidai wurin da ya manne da ƙashin diddige.

A nan ɓarnar take faruwa. In aikin ya fi ƙarfin tantanin, sai zarurrukansa su riƙa ɗan tsintsinkewa, jiki yana gyarawa, mai ƙafa yana ƙara tsinkawa. Da daddare ƙafa tana saki, yatsu su kalli ƙasa, tantanin ya ɗan tsuke. Takun farko na asuba sai ya fizge shi ba shiri. An daɗe ana ɗaukar abin a matsayin kumburi, har sai da Harvey Lemont da abokan aikinsa a Amurka suka duba naman da aka yanko daga mutum 50 da aka yi wa tiyata, suka wallafa a 2003 cewa abin da suka gani lalacewa ce da tsufan zare, ba su ga alamun kumburi ba. Wannan ya sa ba a mamaki in mutum ya shekara yana shan maganin kumburi amma asuba tana nan yadda take.

Su wa ya fi kamawa? Galibi masu shekara 40 zuwa 60, kuma ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin goma zai haɗu da shi a rayuwarsa. Wani bincike da Daniel Riddle ya jagoranta a 2003 ya fito da abubuwa uku: ƙiba, yinin tsaye a wurin aiki, da taurin agara, wato idon sawu ya kasa lanƙwasowa sama sosai saboda naman sha-raɓa ya ɗaure. Na ukun nan shi ya fi sauran ƙarfi, kuma shi ne wanda ba wanda ke lura da shi. Ku dubi waɗanda ke zuwa mana: malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, mai shayi, ɗan sanda mai ba da hannu, ɗan ga-ruwa, uwar gida da ke yini tsaye a kan siminti ba takalmi. Sai wanda likita ya ce masa ya rage tumbi, ya tashi rana ɗaya ya fara zagaye filin wasa da silifar da ta riga ta cinye. Sai alhazai. Tsakanin Safa da Marwa kaɗai, kai-kawo bakwai ya ɗara kilomita 3, a kan dutse mai sulɓi, ba takalmi, ban da ɗawafi da tafiyar jifa. Wanda a gida daga mota sai ofis, ya je ya yi wannan cikin 'yan kwanaki, ba mamaki ya dawo da tsaraba a diddige.

Bari in tsaya a kan hoton ƙashi, don ya tsorata mutane da yawa a banza. Za a yi hoto, a ga wani ɗan tsini ya fito a ƙasan ƙashin diddige, a nuna wa mara lafiya a ce ga ƙayar da ke sukarka. Shi ke nan hankalinsa ya tashi, ya fara neman wanda zai yanke ta. Ku kalli hoton da kyau: tsinin gaba yake kallo, wajen yatsu, ba ƙasa ba. Mutane da yawa suna da shi ba su taɓa jin ciwo ba, wasu kuma ciwon ya hana su sakat alhali hotonsu fes yake. Sau da yawa ma za ka ga tsinin a ƙafar da ke lafiya. In ciwon ya warke, tsinin yana nan inda yake. Yawanci ba a ma bukatar hoto, tambaya da dannawa sun isa. In ana son tabbaci, na'urar sikanin nan da ake duba masu ciki da ita tana nuna kaurin tantanin, kuma in ya wuce milimita 4 ana ɗaukarsa alama.

Sai dai ba kowane ciwon diddige ne wannan ba. In ciwon yana tashe ka cikin dare, ko ƙafar ta kumbura ta yi zafi, ko akwai dindiris da jin kamar tafiyar kiyashi, ko ka matse ƙashin daga gefe da gefe ya yi zafi, to wata maganar ce: ko tsagewar ƙashi, ko jijiya ce ta matse. Saurayin da diddigensa biyu ke ciwo, bayansa kuma yana sandarewa da safe, a duba shi don amosanin ƙashin baya. Yaro ɗan shekara 8 zuwa 14 mai buga ƙwallo, nasa daga mahaɗar girman ƙashi ne, yana wucewa da kansa. Mai ciwon suga kuwa, ina roƙonsa da girman Allah, kada ya yi wa ƙafarsa gashi da ruwan zafi, kada ya yarda a yi mata tsaga ko sakiya. Ƙafar da ba ta ji sosai tana ƙonewa mai ita bai sani ba, kuma mun san inda gyambon mai suga yake kaiwa.

To, mene ne magani? Mafi yawansa a ɗakinka yake, kuma ba ya cin ko kwabo. Abin nan da na sa ku yi ɗazu, shi ne na farko. Ka zauna a bakin gado kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa, ka ɗora mai ciwon a kan gwiwa, ka kama yatsun duka ka ja su sama har ka ji tafin ya miƙe, ka ƙirga goma, ka saki. Sau goma, sau uku a yini, da kuma duk sanda za ka tashi daga dogon zama. Benedict DiGiovanni, likitan ƙashi a Rochester ta Amurka, ya gwada wannan a kan mutum 101 da suka daɗe da ciwon, ya wallafa a 2003, kuma cikin mako takwas waɗanda suka yi shi sun fi waɗanda suka tsaya ga miƙa agara kaɗai samun sauƙin takun farko. Agarar ma a miƙa ta: ka dafa bango, ƙafa mai ciwo a baya, gwiwa a miƙe, diddige manne da ƙasa, ka karkata gaba na rabin minti.

Na biyu shi ne ƙarfafa wurin. Michael Rathleff a ƙasar Denmak ya raba mutum 48 gida biyu, ya sa rabi suna tsayawa da ƙafa ɗaya a bakin matakala, an naɗe tawul a ƙarƙashin yatsu, su ɗaga diddige a hankali cikin daƙiƙa uku, su tsaya biyu, su sauke cikin uku. Yau a yi, gobe a huta. In ya yi sauƙi sai a goya jaka da littattafai a ciki. Bayan wata uku waɗannan sun fi masu miƙa kaɗai samun sauƙi, ko da yake da shekara ta zagayo duk sun yi kunnen doki. Dokin ƙofa ko bulo ɗaya ya isa wannan aiki.

Sai takalmi. A ajiye silifar nan mai laushin takarda, a nemi mai kaurin ƙasa, wanda bayansa ya ɗan fi gabansa tudu, kuma a sa shi har a tsakar gida. Akwai ɗan matashin roba da ake sakawa a diddigen takalmi, na kanti ma yana aiki, ba sai an kashe kuɗi a kan wanda aka auna ƙafa aka ƙera ba. Likitan gashin ƙashi yana iya ɗaure tafin da filasta na 'yan kwanaki, ko ya ba ka abin da ke riƙe ƙafa a miƙe cikin dare. Mai ƙiba ya rage. Mai gudu ya rage nisa, kada ya kwanta gaba ɗaya.

Maganin kashe zafi irin su diklofenak da ibufurofen na 'yan kwanaki ne. Wanda ya mayar da su abin karin kumallo, ko yake sayen haɗin nan da ake ƙullawa a leda bai san me ke ciki ba, yana sayen gyambon ciki da ciwon ƙoda ne da kuɗinsa. Allurar diddige kuwa, wadda mutanenmu ke so don tana aiki nan take, ƙungiyar Cochrane ta tattara binciken da aka yi a kanta a 2017, ta ga ɗan sauƙin da take bayarwa bai cika wuce wata guda ba. In aka yawaita ta tana iya tsinka tantanin, ko ta narkar da kitsen da Allah ya shimfiɗa a ƙasan diddige, wanda in ya tafi ba ya dawowa. Akwai na'ura mai bugun wurin da igiyar sauti, wadda Amurka ta amince da ita tun shekarar 2000, ga waɗanda suka yi watanni ba sauƙi. Tiyata ita ce ƙarshe, kuma kaɗan ne ke kaiwa can.

Yanzu ku riƙe wannan, don a kansa sauran maganata za ta hau. Cikin mutum goma masu wannan ciwo, takwas zuwa tara suna warkewa cikin kamar shekara guda ba tare da wuƙa ba. Ciwo ne mai naci, mai tafiya yana dawowa, amma mai ƙarewa.

Mu hau sama. Sana'ar da ake kira kairofaraktik an san ranar haihuwarta da mahaifinta. Daniel David Palmer, haifaffen Kanada, ya yi koyarwa, ya yi sayar da kayan masarufi, sannan ya koma warkarwa da abin da yake kira maganaɗisun jiki a garin Davenport na jihar Iowa. A watan Satumban 1895 ya ce ya danna wani ƙashi a bayan Harvey Lillard, mai kula da ginin da ofishinsa yake, wanda ya shekara 17 ba ya ji sosai, sai kunnensa ya buɗe. Ɗaliban da ke nan sun san jijiyar ji daga kunne take shiga ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai, ba ta bi ta ƙashin baya ko kaɗan. Amma a kan wannan labari Palmer ya gina aƙidarsa, cewa kashi 95 cikin ɗari na cututtuka daga gocewar ƙasusuwan baya suke, suna danne jijiyoyi. Ya buɗe makaranta a 1897, aka ɗaure shi a 1906 saboda yin aikin likita ba lasisi. Ɗansa, B. J. Palmer, wanda ya fi uban iya kasuwanci nesa ba kusa ba, shi ya zo a shekarun 1930 ya ce ai ba sai an bi bayan duka ba, matsalar tana ƙasusuwa biyu na saman wuya. A gyara su, sauran jiki zai gyara kansa. Duk wanda ya ce maka zai warkar da diddigenka ta wuya, jikan wannan magana ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Hujjarsu ita ce: in ƙashin farko ya karkace, kai zai karkace, kafaɗa ta bi, ƙugu ya bi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, nauyi ya taru a diddige guda. Za a kwantar da kai, a haɗa diddigenka biyu, a ce ka gani, ta hagu ta gaza. A murɗa wuya, a sake haɗawa, a ce sun daidaita. Magana ce mai daɗin ji. Amma mutumin da ke kwance, ɗan motsin ƙugu kaɗan ya isa ya sauya wannan awo, kuma mai awon shi ne mai sayar da maganin. Jijiyoyin da ke kai ji da motsi tafin ƙafa daga ƙasan gadon baya suke fitowa, wajen ƙugu, su bi ta bayan cinya su sauka. Na wuya kafaɗa da hannu suke yi wa aiki. Shi ya sa in ciwon diddige ya zo da ciwon baya mai harbawa ƙafa, bayan muke dubawa. Babu wani gwaji mai inganci da ya nuna murɗa wuya yana warkar da wannan tantani. Hukumar da ke kula da masu sana'ar a Birtaniya da kanta ta faɗa a 2010 cewa babu shaidar bincike da ke nuna wannan gocewa da suke magana tana haddasa cuta. A shekarar ce kuma ƙungiyarsu ta can ta janye ƙarar da ta kai marubucin kimiyya Simon Singh, wanda ya rubuta a jaridar Guardian a 2008 cewa suna tallar maganin cututtukan yara ba hujja.

To amma ga Alhaji ya rantse da Allah an murɗa masa wuya ya warke. Ƙarya yake yi? A'a, gaskiya ya faɗa, ya warke. Tambayar ita ce me ya warkar da shi. Yaushe mutum ke zuwa neman irin wannan magani? Sai ya yi wata shida ko takwas yana fama, ya sha ƙwayoyi, ya canza takalmi, ya rage tsayuwa, ya kai maƙura. Wato daidai lokacin da ciwon ya kusa juyawa da kansa. Aka ce ya zo sau biyu a mako har wata uku. Cikin wata ukun ya samu sauƙi, sai godiya ta tafi ga hannun da ya taɓa shi a ƙarshe. Waɗanda aka murɗa ba su warke ba kuma ba wanda ke ɗaukarsu a bidiyo. Da irin wannan shaida ake sayar da kowane magani a duniya, har da namu na asibiti, shi ya sa ake raba marasa lafiya gida biyu a gwada kafin a yarda.

Kada a ce na yi musu rashin adalci. Da yawa cikin masu wannan sana'a a yau sun yi watsi da aƙidar Palmer, suna karatu mai zurfi, a nahiyarmu ma ana koyar da ita a jami'o'i biyu na Afirka ta Kudu, a Durban da Johannesburg. In ka kai wa irin wannan diddigenka ya kama ƙafar, ya sassauta idon sawu, ya tausa sha-raɓa, ya ɗaure da filasta, ya koya maka miƙa, ya yi daidai, abin da mu ma za mu yi ke nan. Ga ciwon baya da ciwon wuya na yau da kullum kuma aikinsu yana ba da sauƙi gwargwado. Wani gwaji da Gert Bronfort ya yi a Minnesota, aka wallafa a 2012, ya raba masu ciwon wuya 272 gida uku: masu gyaran hannu, masu shan magani, da waɗanda aka koya wa motsa wuya a gida. Gyaran hannu ya fi shan magani. Amma waɗanda aka zauna da su sau biyu kacal aka koya musu motsa wuyansu da kansu, sakamakonsu bai bambanta da na masu zuwa ana taɓa su mako-mako ba. Cochrane kuma a 2015 ta ga lallaɓa gaɓoɓin wuya a hankali yana ba da kusan abin da fizgewa ke bayarwa. Ita ƙarar da ake biya dominta, iska ce ke buɗewa a cikin ruwan gaɓa, irin wadda ke fita in ka ja yatsanka. An ɗauki hotonta tana faruwa a Jami'ar Alberta a 2015. Ba wani ƙashi da ya koma mazauninsa, shi ya sa bayan kamar minti ashirin za ka iya sake fitar da ita.

Da a ce asarar kuɗi ce kawai, da ban tara ku ba. Wuya ƙashi bakwai ne, kuma ta cikin wasu ƙananan ramuka a gefensu jijiyoyin jini biyu suke hawa, ɗaya dama ɗaya hagu, su kai jini bayan ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi da haɗiya da gani da tsayuwa daidai. Da suka iso ƙashin farko sai su yi kwana mai tsanani kafin su shige ƙoƙon kai. Kusan rabin waiwayen da kake yi a tsakanin ƙashi na farko da na biyu yake faruwa, wato daidai wannan kwana. In aka fizge kai da ƙarfi, bangon jijiyar na ciki yana iya tsagewa, jini ya daskare a wurin, gudan ya ɓalle ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Shanyewar ɓarin jiki ke nan, kuma ga matashi mai jini a jika. A 1998 wata budurwa 'yar shekara 20 a Saskatoon ta Kanada ta suma a kan gadon mai gyaran, ta rasu bayan 'yan kwanaki. A 2016 Katie May, mai tallan kayan ƙawa 'yar shekara 34, ta rasu a Los Angeles, mai binciken gawa ya danganta tsagewar jijiyarta da gyaran wuya. A 2017 wani dattijo ɗan shekara 80 a York ta Ingila wuyansa ya karye ana cikin yi masa.

Abin ba ya yawan faruwa, wannan gaskiya ne, kuma masana suna jayayya a kan wane ne ya fara. David Cassidy ya bi bayanan lardin Ontario na shekara tara, ya samu irin wannan shanyewa 818, ya wallafa a 2008 cewa 'yan ƙasa da shekara 45 da abin ya sama sun fi sauran zuwa wurin mai gyaran wuya kafin faruwarsa, amma haka ma sun fi zuwa wurin likita. Fassararsa ita ce jijiyar ta riga ta fara tsagewa, ciwon wuya da na ƙeyar da ta haddasa shi ya kai su neman magani. Masu sana'ar suna son wannan bincike ƙwarai. Ni kuwa ban ga abin kwantar da hankali a ciki ba. In mai jijiyar da ta fara tsagewa yana shigowa da kukan ciwon wuya, kuma ba wani gwajin hannu da zai tabbatar maka ba shi ba ne, to shi ne mutum na ƙarshe a duniya da ya kamata a fizge wa kai. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a 2014 a riƙa sanar da mara lafiya wannan alaƙa kafin a taɓa wuyansa. Wanda wuyansa ke ciwo yana iya aunawa ya zaɓa, ko da yake na gaya muku akwai hanya mai taushi da ke kai shi wuri ɗaya. Wanda diddigensa ke ciwo kuwa, ya ɗauki kasada ne a kan abin da ba zai ba shi komai ba.

Duk wannan a hannun waɗanda suka yi shekaru suna karatu ke nan. Abin da ya fi damuna a nan gida shi ne wanda waya ce malamarsa: mai aski da ke ƙarasa aski da murɗa kai a matsayin gyara, mai tausa, yaro a wurin ɗaga ƙarfe, har da mai sa tawul a haɓa ya finciko. A Najeriya akwai hukumar rajistar masu aikin farfaɗo da gaɓoɓi, wadda aka kafa a 1988, kuma a ƙarƙashinta likitocin gashin ƙashi da masu kairofaraktik suke. Ka tambayi lasisi, ba rashin kunya ba ne. Wanda bai tambaye ka tarihin lafiyarka ba ya kai hannu wuyanka, ka tashi ka sa hularka. Mu a nan muna da tarin fuka mai cin ƙashin baya, wanda ke fara bayyana da ciwon wuya ko na baya kawai. Mai shi, da mai amosanin gaɓoɓi, da tsohuwar da ƙashinta ya yi sakayau, da mai cutar daji, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda bai daɗe da faɗowa daga babur ba, ba a fizgar wuyansu ko da wasa. Jarirai kuwa ba ma a maganarsu. Ostareliya ta hana yi wa 'yan ƙasa da shekara biyu a 2019, bayan wani bidiyo na jariri ɗan mako biyu ya tayar da ƙura. Wuyan da ya sandare tare da zazzaɓi, musamman a watannin zafi, kun san sunansa, sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Likitocin gashin ƙashi suna nan a Asibitin Ƙashi na Dala da asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jiha, can ya kamata a fara.

Wanda kuma aka riga aka murɗa, shi da iyalinsa su sa ido na 'yan kwanaki, don abin ba lallai ya zo nan take ba. Sabon ciwon ƙeya mai tsanani wanda bai taɓa jin irinsa ba, jiri, gani biyu-biyu, harshe ya yi nauyi, haɗiya ta gagara, tafiya da tangaɗi, fatar ido ɗaya ta sauko, ko hannu da ƙafa su mutu. Ko ɗaya aka gani, kada a koma wurin wanda ya murɗa don ya gyara, kada a kwantar da shi a ce iska ce. A nufi babban asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa, a gaya wa likita ƙarara cewa an murɗa masa wuya ran kaza, domin allurar narkar da gudan jini tana da iyaka, awa huɗu da rabi daga fara alamun.

Shugaba, a nan zan dakata a ba masu tambaya dama. Waɗanda suka zare takalmi suna iya mayarwa.